Turken da Yayana Ya Tumɓuke

Wannan ba tatsuniya ba ce. Na faɗa tun a fallen farko, da hannuna na rubuta, kuma ba zan ba kowa ya juya mini ba. Wanda ya daure ya kai ƙarshe zai san dalili.

Ni ba malami ba ne. Izu huɗu na yi a allo, mahaifinmu ya zo ya danƙa mini sandar korar jakuna ya ce karatu ya isa haka. Abin da na tsira da shi, na iya haɗa baƙi da wasali in rubuta Hausa da ajami, rubutu kamar kaza ta bi ta kan rairayi. Sauran rayuwata a bayan jaki na yi ta, daga Maigatari zuwa Gumel, wani lokaci Gagarawa, wani lokaci Sule Tankarkar, ina ɗaukar kanwa da gero da duk abin da aka ɗora mini.

Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu. Yayana ya gaji rawanin mai gari a ƙauyenmu, arewa da Maigatari kaɗan. Ni na gaji jakuna.

Shekarar da Turawa suka zo raba ƙasa, Ingilishi da Faransi a tafe tare, ina da ƙarfina. Aka ɗauke ni da jakunana ina kai musu ruwa a salkuna. Suna da wani ƙarfe mai ƙafa uku da suke leƙawa, su yi rubutu, su nuna wuri, a haƙa rami a kafa turken ƙarfe, a zuba masa wata ƙasa tasu da ake kira siminti. Ranar da aka iso ƙauyenmu, wurin da suka nuna ya faɗo tsakanin gidaje da rijiya. Gidaje suka tafi hannun Faransi a arewa. Rijiya da yawancin gonaki suka zauna hannun Ingilishi a kudu. Babu wanda ya ci amanar wani, babu wanda aka saya. Bature ya nuna da sandarsa, aka haƙa, shi ke nan. Ruwan da aka kwaɓa simintin da shi, ni na sauke shi daga kan jakina, ni na tsiyaya.

Da farko dariya aka yi. Mata su ɗauki tulu su ce za su ƙasar waje ɗebo ruwa. Bayan 'yan shekaru dariyar ta ƙare. A can a biya kuɗin kai, wanda suke kira lanho, a nan a biya na gona. Shekarar da aka yi yunwa, mutum ya noma geronsa da hannunsa, a tsare shi a bakin turke a ce ba zai shiga da shi gida ba. Ga aikin tilas, kowace rani a zo a ɗebi samari. Ni na kwashe iyalina na dawo Maigatari. Na ce wa Yaya ya biyo ni, ya ce, "Kabarin Baba yana nan, mutanen Baba suna nan. Kai dai je ka, jaki ba shi da gari."

Mai bin jaki ba shi da abokin hira sai kansa. A hanya na fara tunanin: da a ce an kafa turken nan a arewacin gari fa? Tun ina tunani har ya zama labari. Na ƙaga wani mai kai ruwa, kamar ni amma ya fi ni zuciya. Ya ji Turawan biyu sun shirya a takarda cewa iyaka za ta bi ta arewacin gari, sai wani mugun ɗan rakiya ya karɓi toshiya ya sa aka kafa turke a kudu, ya ɓoye takardar. Mai kai ruwa ya sace ta, ya ɗinke ta cikin akumarin jakinsa, ya gudu. Mahaya suka bi shi kwana uku. Suka zuba guba a rijiyar da ke gabansa, jakin ya shinshina ya ƙi sha, shi ya cece shi. Ya shiga wani tsohon ramin kura ya kwanta, dawakai suka wuce ta kansa. A ƙarshe mai gari ya fito da mutanensa suka tumɓuke turken suka kai shi inda takarda ta ce, Turawan duka biyu suka duba suka ce gaskiya ne. Gari ya haɗu da rijiyarsa, ba lanho, ba aikin tilas, samari suka tsufa a gidajen iyayensu.

Rani biyu na yi ina rubuta shi, da tawadar allo, a takardar nan mai alamar wata uku. A fallen farko na rubuta: "Ga ta nan ga ta nanku. Wannan abu bai faru ba. Ni na ƙaga shi a bayan jaki, don in ga yadda duniya za ta kasance da an kafa turken a arewa." Ban sa sunan Allah ba, don na san ba a buɗe ƙarya da shi. A ƙarshe na rufe da ƙurunƙus, yadda tsohuwarmu take rufe nata.

Wata rana mun sauke kaya a gindin wata kuka a hanyar Gagarawa, rana ta take, na ciro shi na karanta wa abokan tafiya. Na fara daga fallen farko, kowa ya san tatsuniya ce. Duk da haka da aka zo wurin ramin kura, wani ya riƙe mini hannun riga yana cewa, "Kar ka bari su gan shi, don Allah!" Aka ƙi ɗaura kaya sai da na gama. Babban ayarinmu ya ce, "Kai, ashe ba kashin jaki kaɗai ke cikin kanka ba. Ka kai a juya maka shi, wallahi za a saya."

Maganar nan ce ta shiga kaina. Shekara arba'in da ɗoriya ba wanda ya taɓa cewa in ƙara faɗin wani abu.

A Gumel akwai wani dattijon malami mai juyin littattafai. Sana'arsa ke nan, a kawo masa littafi ya rubuta wani irinsa. Na kai masa rago da mangalar gero, na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, guda bakwai nake so."

Ya ɗaga falle ɗaya ya kai kusa da ido, ya yi nesa da shi, ya ce, "Wannan da hannu ka rubuta ko jakin ka ba wa alƙalami?"

"Da hannu ne, Allah gafarta Malam."

"To Allah ya sawwaƙe wa hannun. Kana wurin da aka kafa turken nan?"

"Ni na zuba ruwan kwaɓin."

"Madalla. Bar shi, zan gyara maka shi ya zama abin da mutum zai riƙe ba kunya."

Na yi godiya har da ƙari. Bayan wata uku na koma. Ga su bakwai, kowanne a naɗe cikin jemammiyar fatar akuya da tsirkiya. Na buɗe ɗaya ta tsakiya. Rubutu kamar an jera tsaba, wasula da jar tawada, baƙaƙen da tawadar littafi wadda ake dafawa da bagaruwa, wadda ba ta wankuwa. Idona ya cika da hawaye. Ban duba farko ba, ban duba ƙarshe ba. Labarina ne, na san shi, me zan karanta? Kuma gaskiya kunya nake ji in zauna gaban Malam ina haɗa baƙi ɗaya ɗaya ina motsa baki. Nawa na asali ma a wurinsa na baro shi, don da na ga nasa sai nawa ya zama mini abin ƙyama.

Da kaina na sayar. Na shimfiɗa buhu a kasuwa kusa da masu jakuna, in karanta wurin gubar rijiya da ƙarfi, in mutane sun taru in rufe. Biyu suka tafi a Gumel, ɗaya a Gagarawa, ɗaya a Sule Tankarkar, uku a Maigatari. Ban aika wa Yaya ba. Nauyinsa nake ji, kar ya ce ƙanensa da furfura ya koma tatsuniya. Ban san ɗaya daga cikin na Maigatari wani ɗan'uwan limamin ƙauyenmu ne ya saya ba.

Bayan kaka, ranar kasuwa da hantsi, ina ɗaure wa jaki mangala, sai na ga matar Yaya tsaye a kaina. Tsakanina da ita wasa ne tun ranar da aka kawo ta. Ba ta taɓa ganina ba ta toshe hanci ta ce ga mijinta mai warin jaki ba. Ranar ba ta toshe ba. Ƙafafunta fari fat da ƙura, ko takalmi babu.

Na ce, "Uwargida, yau kin rasa hancin ne?"

Ta ce, "An tafi da yayanka."

"Wa ya tafi da shi?"

"Dogaran kumandan. Da igiya a wuya, kamar akuya."

Kumandan shi ne Baturen Faransi da ke mulkin wancan ɓangaren. Na ce, "Me ya yi? Mutumin da ko kaza bai taɓa kora da ƙarfi ba?"

"Ni za ka tambaya? Littafinka ya bi."

Na saki igiyar mangala, kanwa ta zube a ƙasa. Ta zauna a kan buhu ta ba ni labari, muryarta ko rawa ba ta yi. Liman ya karanta littafin a gindin tsamiya, kwana uku a jere bayan la'asar. Dattawa suna kuka. Rabin farko suka ɗauka shi ne gaskiyar da aka ɓoye musu shekara da shekaru, rabin ƙarshe kuma abin da zai faru in an yi yadda aka rubuta. Yaya ya fito da dagi, ya fasa simintin, aka ɗaura wa turken igiya, takarkari ya ja shi ta tsakiyar gari zuwa arewa, aka kafa. Bayan kwana huɗu dogarai suka zo. Yaya ya ce shi kaɗai ya yi. Yanzu ana cewa tawaye ne, Ingilishi ne suka sa shi. Nan da kwana goma akwai ayarin da zai tashi zuwa can arewa cikin hamada inda ake fasa dutse, da shi za a tafi. Kowa ya san waɗanda aka kai can ba su dawowa.

Na ce, "Amma ai tatsuniya ce! Na rubuta a farko, na ce bai faru ba!"

Ta dube ni kamar na zare. Ta ce, "Wace irin tatsuniya ce ake farawa da bismillah?"

Akwai wani baduku a kasuwar da ya sayi ɗaya. Na ruga rumfarsa, ko sallama ban yi ba, na ce ya ba ni littafin. Na kwance tsirkiyar, na ciro fallen farko, na karanta ina motsa baki, ban damu da wanda ke kallo ba. Bismillah da jar tawada. Salati ga Annabi. Sannan: wannan labarin kafa turken iyaka ne, daga bakin wanda ya halarta ya gani da idonsa. Na juya ƙarshe. Babu ƙurunƙus. An rubuta ya cika da godiyar Allah, Allah ya gafarta wa marubuci da mai karatu da mai sauraro.

Na zauna a ƙasa cikin yankakkun fatu. Badukun ya ce, "Lafiya? Ai mun gode maka da ka tona asirin nan. Ni da ma na san akwai wata a ƙasa."

Na miƙa masa littafinsa na tashi.

Washegari da azahar ina Gumel. Na tarar da Malam yana fiƙe alƙalami. Ban durƙusa ba, karo na farko a rayuwata da na tsaya a kan malami.

"Ina fallen farkona?"

"Sallama dai tukuna, mai jakuna."

"Allah gafarta Malam, ina fallen da na ce wannan abu bai faru ba?"

Ya ajiye wuƙar. Ko a jikinsa. Ya ce, "Na cire. Shekara talatin ina juyi, ban taɓa fara takarda ba da sunan Allah ba. Kuma ba zan rubuta sunan Allah in bi shi da ga ta nan ga ta nanku ba, sai ka ce tsohuwa da jikoki. Tatsuniya a baki take zama. Abin da ya hau takarda, a san daga wa aka ji shi. Na tambaye ka kana wurin, ka ce kai ka zuba ruwa."

"Amma ka karanta na ce ni na ƙaga shi!"

"Kowane mai rubutu yana ƙasƙantar da kansa a farko. Wani ya ce shi jahili ne, wani ya ce shi ba kowa ba ne. Na ɗauka naka salon ke nan, na ƙauye."

Na gaya masa abin da ya faru. Na ga alƙalamin ya faɗi daga hannunsa. Ya yi ta salati, ya tashi da kyar ya shiga laluben kayansa. Ya samo nawa na asali a ƙarƙashin buzu, amma babu fallen farko. Muka birkita ɗakin. Can sai ya ɗaga kurtun tawada. Ga shi nan a ƙasa, ya mai da shi matashin kurtu, don ba sunan Allah a jiki. Gindin kurtun ya yi masa baƙin zobe a tsakiya, amma ana iya karantawa.

Ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, "Wallahi gyara na yi nufi."

Na ce, "Na sani, Allah gafarta Malam." Na fita. Me zan ce masa? Ni ne na ɗauki bakwai na sayar ban karanta ko ɗaya ba.

Kwana uku na yi kafin in isa barikin kumandan, na bi ta ƙauyenmu ban tsaya ba. Na ga ramin tsohon wurin, na ga turken a kwance a bakin hanya inda dogarai suka yar da shi. A bariki na yi wuni biyu a rana kafin a kula ni. Tafintan kumandan wani Badamagare ne mai dogon wuya. Da ya ji ni ne mai littafin, ya ce, "Kai ne? Kai da kanka ka kawo kanka? To ka huta da neman igiya, akwai saura."

Aka shigar da ni. Kumandan siriri ne, zazzaɓi ya mai da idonsa rawaya. Littafin da aka ƙwace daga hannun liman yana gabansa. Na ajiye nawa kusa da shi, na ɗora fallen mai zoben tawada a sama. Tafinta ya karanta, ya tsaya, ya sake karantawa, ya dube ni, sannan ya juya wa Baturen. Suka daɗe suna magana.

Tafinta ya ce, "Ya ce Ingilishi ne suka ba ka ka rubuta?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, da Ingilishi sun san ina duniya, kaya za su ɗora mini."

"Ya ce ina takardar da aka ɗinke a akumari?"

"Babu ta. Ba a taɓa yin ta ba."

"Ya ce wane ne mugun ɗan rakiyar?"

"Babu shi."

"Ya ce to don me mutum mai hankali zai zauna rani biyu yana rubuta abin da bai faru ba?"

Na ce, "Don in gani ne kawai. In ga garin da rijiyarsa."

Baturen bai yarda nan take ba. Ya ce ƙila jiya na rubuta fallen don in ceci ɗan'uwana. Tafinta ya nuna masa zoben kurtu, yadda tawada ta sha takardar ta bushe tun tuni. Aka ba ni alƙalami aka ce in rubuta a gabansu, aka gwada da sauran. Hannu ɗaya ne, ba mai iya kwaikwayon wannan muni. Ranar kaɗai munin rubutuna ya yi mini rana.

Baturen ya jingina da kujera ya yi wata 'yar dariya da ba daɗi, ya faɗi hukunci. Ba za a kai Yaya arewa ba. Amma an cire masa rawani. Ni kuma in mai da turken inda yake da jakunana, in kwaɓa simintin da hannuna, in tsaya gaban mutanen gari in ce ƙarya na yi, a tattara duk littafin da ke ƙasarsu a ƙone. Sai an gama za a sake shi. Fallen farkon kuma ya jefa cikin akwatinsa ya rufe.

Littafi ɗaya ya ƙetara iyaka. Da dogarai suka bi gida gida, biyar aka samu. Liman ya juya, wani ya juya daga nasa. Wata tsohuwa har ta sa an yanko mata wurin da jaki ya ƙi shan guba an ɗinke mata a laya. Da aka hura wuta, babban dogarin, Musulmi ne, ya ce shi ba zai jefa sunan Allah a wuta ba. Sai da aka zare fallen farko da na ƙarshe na kowanne aka ba liman, sannan aka ƙone sauran. Ina tsaye ina kallo.

Na ja turken na mai da shi raminsa. Na sauke salka na tsiyaya ruwa a kan siminti, karo na biyu a rayuwata, a wuri ɗaya. Sannan na tsaya gindin tsamiya, gari duka a zaune, dogarai biyu a bayana. Na ce, "Jama'a, ni na rubuta littafin nan. Ƙarya ce daga farko har ƙarshe. Babu takarda, babu wanda aka saya. Ina wurin, inda Bature ya nuna nan aka kafa. Ku yafe mini."

Ina jiran zagi, ina jiran a jefe ni, da hakan ya fi mini sauƙi. Sai tsohuwar nan mai laya ta girgiza kai ta ce, "Allah sarki, ɗan nan. Sun tsorata shi."

Wani dattijo ya ce, "Ba komai, mun gane. Faɗi abin da suka ce ka faɗa."

Na ce, "Wallahi tallahi ƙarya ce!"

Suka ce, "To, to. Allah ya saka maka." Har da masu kashe mini ido.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, ko a gaban kumandan. Na rantse da Allah a kan gaskiya an ƙi yarda, don Malam ya riga ya rubuta ƙaryar da jar tawada.

Bayan kwana biyu aka saki Yaya. Na je na tarye shi da jaki. Ya rame, igiya ta yi masa sawu a wuya, kansa ba rawani sai wata tsohuwar hula. Ban taɓa ganin furfurarsa a fili ba sai ranar. Na durƙusa na kama ƙafarsa, ya ce, "Tashi, kar jakin ya gudu." Ya hau, ina biye da sanda. Muka yi tafiya mai nisa.

Da rana ta yi zafi muka tsaya gindin wata aduwa. Na ce, "Yaya, ka yafe mini. Da na san za ka ɗauka gaskiya ne, da na..."

Ya ce, "Wa ya ce maka na ɗauka gaskiya ne?"

Na zuba masa ido.

Ya ce, "Jan jakin nan na littafinka mai tsagaggen kunne da ke shinshina ruwa kafin ya sha. Na Baba ne. Ya mutu tun kana goye, labarinsa kawai ka ji a bakina. Ramin kura kuwa, wanda ke bayan gonar gabas ne, inda ka ɓuya ranar da ka fasa tulun Inna. Tun ranar farko da liman ya kai wurin jakin na san kai ne, na san shirme ne."

Na zauna kusa da shi. Na ce, "To don me, Yaya? Don me ka fasa simintin?"

Ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa. Ya ce, "Liman ya buɗe da bismillah, gari duka ya yi salati. Mutumin da aka tafi da 'ya'yansa biyu aikin tilas yana gefena yana kuka. In miƙe in ce me? In ce liman ya karanta ƙarya da sunan Allah? In ce ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, maƙaryaci ne? Kai da bakinka ka faɗa musu, sun yarda?"

Na ce, "Ba su yarda ba."

"To. Samari sun riga sun wasa dagi. Da ni da babu ni za su tumɓuke shi. In su suka yi, goma za a ɗaure. In ni na yi, ɗaya ne, kuma tsoho."

Kwana goma sha ina ɗauke da nauyin cewa na yaudari yayana, ashe da idonsa biyu ya sa wuyansa cikin igiyar da na tufka.

Ya yar da tsinken. Ya ce, "Amma bari in gaya maka. Kwana huɗun nan, rijiya tana cikin gari. Matata ta je ɗebo ruwa ta dawo tana cewa ruwan ma ya fi daɗi. Ruwan jiya ne, rijiyar jiya ce." Ya yi 'yar dariya, tari ya sarƙe shi. "Tashi mu tafi. Kuma in za ka sake rubuta wani, ka sa mai garin ya fi haka wayo."

Ban sake rubuta wani ba. Sauran shidan da ke wannan ɓangaren ban iya tattaro su ba, sun hayayyafa. Bara a kasuwar Sule Tankarkar wani ya ba ni labarin mai kai ruwa da takardar akumari, ya rantse kawunsa ne. Na ce masa ƙarya ce, saura kaɗan ya mare ni.

Yaya bai koma kan rawani ba, an naɗa wani. Yana nan da ransa a ƙauyen, a gidan Baba, sawun igiyar bai ɓace ba. In na je da jakuna, ni nake ƙetara turken in ɗebo masa ruwa.